Baffa Muflih Ba Ya Tsayawa Gaisuwa

A garinmu Salt, in kana tuƙi ka hango wanda ka sani a bakin hanya, tsayawa ake yi. Ko motoci goma ne a bayanka suna danna oda, sai ka sauke gilashi, ka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ka ƙi tayin gahawa sau biyu, sannan ka ja. Mutum ɗaya na sani da ba ya yin haka, kuma ƙanin mahaifina ne, Baffa Muflih mai gyaran birki. Zai wuce ka a guje, ya ɗaga maka yatsu biyu daga kan sitiyari, shi ke nan. Ya yi wa liman, ya yi wa magajin gari, ya taɓa yi wa ayarin masu kai amarya. Shekara da shekaru mutane suna cewa girman kai ne ya kwaso daga Kuwaiti.

Daga Kuwaitin ya kwaso kam, amma ba girman kai ba ne. Shekara goma sha biyu ya yi can a wani gareji da 'ya'yan masu hali suke kai motocin tsere, ya dawo lokacin yaƙi da akwatin kayan aiki guda da kunne ɗaya da ya daina ji. Ya buɗe rumfa a ƙasan tsohuwar kasuwa, ya rubuta "Birki" da jan fenti a jikin ƙofa, bai ƙara ko harafi ba. Inji ba ya taɓawa. In ka kawo masa maganar inji sai ya ce, "Ko jaki zai iya sa mota ta yi gudu. Je ka wurin jakin, in ya gama ka dawo in tsayar maka da ita."

Gajere ne kakkaura, kuma ya bar farcen babban yatsansa ya yi tsawo, don da shi yake karanta faifan birki. Zai goga farcen a fuskar ƙarfen, ido a rufe, ya gaya maka kai ne mai ɗora ƙafa a kan birki tun daga cikin gari har ƙasan kwari. Ban taɓa jin ya yi kuskure ba, ban kuma taɓa jin ya faɗa cikin ladabi ba.

Abin da ke hana shi tsayawa shi ne aikin da yake kira gasa birki. In ya sa wa mota sabon faifai da sabbin takalma, wato 'yan ɓangarorin nan da ke matse faifan, ba ya miƙa makulli sai ya fita da ita da kansa. Ya kai ta gudun kilomita ɗari, ya taka birki da ƙarfi har ta sauko ashirin, ya saki kafin ta tsaya, ya sake ɗaukar gudu. Sau goma a jere. Ƙarfen zai ɗauki zafin da in ka tofa masa yawu sai ya yi tsalle, takalmin kuma ya shafa wa faifan wani siririn lulluɓi ruwan toka, daidai wa daida ko'ina. Daga nan sai ya yi minti goma yana tafiya iska na bugun tayoyi, ƙafarsa ba ta ko kusantar birki. A cikin wannan minti goman ne ba ya tsayawa. In ka tsaya ka danne birki yana wannan zafin, takalmin zai manne wuri ɗaya ya bar tambarinsa a jikin faifan. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ranar da kake gudun ɗari da saba'in, kwana ta taso maka, ka taka, sitiyari ya fara karkarwa a hannunka.

Hanya ɗaya yake bi. Ya gangara kwarin Shu'aibu, inda titi ya miƙe babu gida babu shago, ya yi goman nan a can, sannan ya hawo tudu, don mai hawa ba ya bukatar birki. Gidanmu na gado, inda aka haife shi, inda mahaifina Nayif yake zaune har yau, yana farkon wannan hawan, da an karya kwana ta biyu.

Ina da shekara goma sha biyar kakarmu Hajja Fidda ta kwanta ciwon ajali. Wata safiyar Talata jikin ya rikice, ta fara kiran sunan autanta. Aka buga wayar gareji, ba kowa. Baba ya ji rugugin mota daga kwari, ya gane tuƙin, ya fita titi ko takalmi babu, ya ɗaga hannu biyu. Ina bakin ƙofa, da idona na gani. Baffa ya ɗaga yatsu biyu, ya kauce masa, ya wuce. Ya cika minti gomansa sannan ya juyo. Da ya shigo ɗakin, an riga an ja mata mayafi an rufe fuska.

Baba bai ɗaga murya ba. A wurin zaman makoki, gaban dattawan dangi, ya karɓi butar gahawa ya bi kowa yana zubawa, da ya zo kan ƙaninsa sai ya tsallake shi. A garinmu ba a bukatar ƙarin bayani bayan wannan. Manya sun yi ta kai kawo, sau nawa ban sani ba, amsar Baba ɗaya ce: "Ni ba ni da faɗa da shi. Na tsayar da shi bai tsaya ba. Yana can yana tafiya."

Shekara goma sha tara aka yi a haka. Kullum da safe Baba yana zaune ƙarƙashin rumfar inabi a ƙofar gida, da ya ji rugugi daga kwari sai ya juya kujerarsa ta kalli bango. Baffa kuwa bai canza hanya ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi komai ba ni haushi da shi. Na ɗauke shi mutumin da ba shi da kunya ko ta sisin kwabo, kuma in na hango shi a kasuwa nakan tsallaka titi.

Ni kemis nake aiki, amma ranar Juma'a ina da wata tsohuwar mota ƙirar Jamus da na cire wa kujerun baya, na ɗaure cikinta da ƙarafa, nake kai ta filin tsere da ke gangaren Tekun Gishiri. Bara, a ƙarshen dogon miƙen filin, na taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Na saki, na sake takawa, kwanar ta riga ta wuce ni. Na shige cikin tarin tayoyi, bangon siminti a bayansu ya karya mini ƙashin kafaɗa. Baba ya zauna gefen gadona kwana uku yana jan carbi. Da na warke na sake tayar da motar, don ni ma ɗan gidan ne, taurin kai ba a waje na tsinto shi ba. Amma hannuna ya ƙi manta wannan karkarwar. Duk wanda na tambaya a filin, suna ɗaya yake ba ni. Daga ƙarshe na danne zuciyata na je rumfar nan mai jan rubutu.

"Salamu alaikum, Baffa."

Ya leƙo daga ƙarƙashin wata tasi, ya juyo mini da kunnen da ke ji.

"Murad. Ubanka ya san kana nan?"

"A'a."

"To ni ma ban san kana nan ba. Me ka kawo?"

Na buɗe kwalin da na zo da shi cike da alfahari. Sabbin faya-fayai ne masu huji-huji, suna ta sheƙi, wata biyu na yi ina jiran su. Ya ɗaga ɗaya, ya leƙe ni ta cikin hujin.

"Rariya ce mai kyau. Kai wa babarka ta tace shinkafa."

"Haba Baffa, motocin tsere na talabijin fa..."

"Na talabijin ana jefar da faifansu duk bayan tsere. Kai za ka jefar?" Ya ciro wani tsohon faifai daga ƙusa a bango ya dangwara mini a hannu. Tsaga ta bi daga huji zuwa huji kamar zanen busasshen tabki. "Zafi ya shiga, sanyi ya shiga, daga bakin huji take farawa. Kuma inda kake gudu, a watan takwas, ko ƙarfen da ke ajiye a inuwa gumi yake. Ina waɗanda ka yi haɗarin da su?"

Suna but ɗin motata, na ɗauko. Ya rufe ido ya bi ɗaya da farce, ya tsaya, ya dawo baya.

"Wa ya gasa maka waɗannan?"

"Ni da kaina. Sau goma, kamar yadda ake yi."

"Ka tsaya."

"Ban tsaya ba."

Ya karkata faifan ga hasken ƙofa. A jikinsa ga siffar takalmin birki nan raɗau, kamar an buga hatimi.

"To wannan hoton wane ne? Nawa?"

Sai a lokacin na tuna. Ina hawowa daga kwari ranar, na ga surukina a ƙofar mai burodi. Yaya zan yi? Na tsaya, ƙafata a kan birki, ya tambayi matata, ya tambayi yara, ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Bai fi minti biyu ba. Na gaya wa Baffa, murya ƙasa-ƙasa.

"To ka ji," ya ce. "Gaisuwar suruki ce ta karya maka kafaɗa. Allah Ya sa ya amsa da kyau."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na tsaya ina kallon hatimin nan, sai na gane cewa a karon farko ina kallon safiyar Talatar nan daga cikin mota.

Ya zaɓa mini faya-fayai lafiyayyu marasa huji, masu kauri da nauyi, masu hanyar iska a tsakiya, munana kamar murfin rijiya. Na tsohuwar mota irin tawa wuyar samu gare su. Kwana tara ya yi yana waya kafin wani abokinsa a garin Zarƙa ya tono guda huɗu, ya ce su ke nan suka rage. Sun iso ranar Laraba, tsere kuwa Juma'a. Ya wanke musu man kamfani da ruwan zafi da sabulu, ya kankare mazauninsu da burushin ƙarfe har sai da ya yi fes, ya ɗaura, ya juya kowace taya da hannu yana sauraro da kunnensa ɗaya. Na kawo masa shayi ya huce a kan benci. Ba ya shan komai sai aiki ya ƙare.

Ranar Alhamis, rana ta ɗan ɗago, ya ce in shiga gefen fasinja in ɗaura bel. Bel ɗin motar tsere igiya biyar ne da ke haɗuwa a ciki, in ka ɗaure ko juyawa ba ka yi.

"Baffa, mu bi wata hanyar."

"Babu wata hanyar."

"Baba zai gane motata."

"Kujerarsa bango take kallo."

Da muka gangara ta ƙofar gida, Baba bai fito ba, na yi ajiyar zuciya. Amma Abu Hilal mai burodi, wanda shagonsa ke kallon gidanmu, yana tsaye da faranti a hannu. Ya ga motata, ya ga wanda ke tuƙa ta, bakinsa ya buɗe. Na san Abu Hilal, kafin mu kai kwari labari ya riga ya shiga har kicin ɗin Umma.

A miƙen kwari Baffa ya gyara zama.

"Ƙirga."

Ya taka totur har allura ta taɓa ɗari, sannan ya danna birki. Bel ya cije ni daidai inda ƙashin ya ɗoru. Kafin motar ta tsaya ya saki, ya sake tashi.

"Ɗaya," na ce.

A na shida wari ya shigo, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. A na takwas na ga hayaƙi siriri yana fita daga tayar gabana.

"Baffa, hayaƙi!"

"Ƙirga na ce, ban ce ka ba ni labari ba."

A na tara ƙafarsa ta nutse fiye da da, ya gyaɗa kai kamar wanda aka kawo wa saƙon da yake jira. Ya yi na goma, ya ɗauke ƙafar daga birki ya ajiye ta kan totur, ya dubi agogon hannunsa.

"Minti goma. Yanzu ko gwamna ne ya tsaya a hanya, sai dai ya yi haƙuri."

Muka fara hawa. Kwana ta farko, gonakin rumman suka koma ƙasanmu. Ina addu'a a zuci Allah Ya sa kujerar nan tana kallon bango. Muka karya kwana ta biyu.

Baba yana tsaye a tsakiyar titi. Ba gefe ba, tsakiya. Farar riga, jan rawani, sanda a hagu, hannun dama a sama. Abu Hilal yana ƙofar shagonsa da masu sayen burodi su biyar ko shida, mata sun leƙo ta saman soro, Umma tana bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Akwai wurin wucewa ta hagunsa, daidai faɗin mota, kamar dai wancan karon. Na san abin da Baba ya fito yi. Ya ba ƙaninsa dama ta biyu, a gaban unguwa, kuma ta uku ba za ta zo ba har ƙasa ta rufe ido.

"Baffa, tsaya."

Ya ci gaba da hawa.

"Don Allah ka tsaya! Na fasa tseren, wallahi na fasa. Ƙarfe ne fa kawai!"

"Ba za ka fasa ba," ya ce, idonsa a kan titi. "Na san jinin gidanmu. Gobe za ka tafi da shi a haka, ka ce ai minti ɗaya ne."

Gaskiya ya faɗa.

Ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya sauke giya zuwa ta biyu, injin ya yi gurnani. Ya sauke zuwa ta ɗaya. Na kalli ƙafarsa ta dama, tana ƙasa, nesa da birki. Tudun ne ke cinye gudun, a hankali, a hankali, har motar ta zo tana rarrafe. Taku uku tsakaninta da gwiwar Baba ta tsaya don kanta. Baba ko gezau bai yi ba. Baffa ya so ya riƙe ta da kuloci, amma kulocin tsere bai san lallashi ba, ko ya kama ko ya saki. Motar ta yi tsalle ɗaya, injin ya mutu.

Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai zafi. Sai motar ta ja baya, ƙit, kamar faɗin tafin hannu. Giya ba ta riƙe mota a hawan gidanmu, kowa ya sani. Birkin hannu kuwa faya-fayan baya yake matsewa, su ma wuta ne.

Baffa ya zuro kai ta taga. Maganarsa ta farko ga yayansa cikin shekara goma sha tara ita ce:

"Yaya Nayif! Dutse!"

Yana nuna gindin turken lantarki da ke ɗan ƙasa da tayarmu ta baya. Akwai wani farin dutse a wurin, mai tudu ta gefe ɗaya da gangare ta ɗayan. Na sha ganinsa, ban taɓa tambayar kaina me yake yi a can ba.

Baba bai motsa ba. Ƙit, motar ta sake ja. A bayanmu kwanar nan ce, da 'yar katanga da ba ta wuce gwiwa ba, bayanta kuma gonar rumman tana can ƙasa, zurfin bene uku. Na kai hannu zan ɓalle bel in fita in sa dutsen da kaina. Baffa ya cafke wuyan hannuna, sai ka ce da filaya.

"Zauna. Ba kai ba."

Abu Hilal ya ajiye faranti ya taho da sauri. Baba ya miƙa sandarsa gefe, ko kallonsa bai yi ba, Abu Hilal ya ja ya tsaya.

"Taka birki," in ji Baba. Muryarsa a kwance, ta fi tsawa ban tsoro.

"Ba zan taka ba, Yaya."

"Taka ka tsaya kamar yadda mutane ke tsayawa."

"In na taka na lalata wa ɗanka birki, gobe ya tafi da shi. Ka ga abin da ya same shi bara. Dutsen, Yaya, don girman Allah."

Ƙit. Ƙit. Jan ya fara zuwa kusa da kusa. Ta madubi na ga turken yana matsowa. In tayar ta wuce shi, sai dai tsoho mai shekara saba'in da ɗaya ya ɗauki dutse ya bi mota a guje, kuma ba zai cim mata ba. Umma ta ƙwala kiran sunana. Na dubi ƙasa: ƙafar Baffa ta tashi, tana shawagi a saman birki. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko ranar da na shiga bango. Na ji haushin su biyun har cikin ƙashina, tsofaffi biyu masu kan dutse, ni kuma a ɗaure tsakaninsu kamar ragon layya.

"Baba!" na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ya dube ni ta gilashi. Sannan ya saki sandar ta faɗi a kwalta. Ya taho da sassarfa, ya wuce ta gefena rigarsa na shafar ƙofa, ya durƙusa a gindin turken, ya tura dutsen da hannu biyu. Na ji ƙarar jansa a kan kwalta. Motar ta yi wani dogon ja, bayanta ya ɗan ɗaga, ya sauka. Shi ke nan, ba ta ƙara motsi ba.

Baffa ya mayar da ƙafarsa ƙasa. Ya saki hannuna, sai na ga shatin yatsunsa.

Baba ya zagayo ta tagar direba yana haki, rawani ya zame, bayan hannunsa ya yi ja inda ya shafi ƙarfen taya.

"Kai mahaukaci ne! Tun kana yaro mahaukaci ne kai! Da ran ɗana kake wasa?"

"Na tsaya, Yaya."

"Da dutsen ya kuɓuce fa? Da na faɗi fa?"

"Na tsaya."

Baba ya dafa bakin tagar. Da ya sake magana, muryar ba tasa ba ce.

"Ashe ana iya tsayawa. To ranar me ya hana ka?"

Baffa ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

"Ranar ban san yadda ake yi ba. Na ɗauka karin kumallo kake kira na. Motar ɗan mutane ce, washegari zai yi gudu da ita." Ya juyo ya dubi Baba. "Sai bayan arba'in ɗin Inna dabarar ta zo mini. Na sassaƙa dutsen nan na kawo na ajiye. Sau uku masu gyaran titi suna kwashe shi, ina kawo wani. Duk hawowar da na yi, sai na rage gudu a nan in duba. Ba ka ƙara ɗaga hannu ba, Yaya."

Baba ya juya ya kalli dutsen da ke ƙarƙashin taya. Ko daga inda nake ana ganin sawun sassaƙa a jikinsa. Ya daɗe yana kallo. Wani daga cikin masu sayen burodi ya yi salati a hankali. Baba ya goge fuska da gefen rawani, ya juya wajen ƙofa.

"Ummu Murad, ɗora gahawa."

Na lumshe ido, na ce alhamdu lillahi. Sai na ji Baffa ya yi gyaran murya. Na buɗe ido na ga yana satar kallon agogo.

"Yaya... saura minti takwas. Ba ta son doguwar tsayuwa, iska take bukata."

Wallahi da ba a ɗaure nake ba da na shaƙe shi. Baba ya dube shi, ya dube shi, har na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Sai ya zagayo ta gefena ya fizge ƙofa.

"Kai, fita."

Na ɓalle bel na fito. Baba ya tattare riga, ya tsallake ƙarfen ƙofa da ƙyar, ya zube a kujerar yana tsaki. Ya kama igiyoyin bel yana juya su.

"Wannan tarkacen kuma yaya ake ɗaura shi?"

Baffa ya sunkuyo ya haɗa masa su ɗaya bayan ɗaya, ya ja, ya gwada, ya sake ja. Ya tayar da inji, motar ta ɗaga daga kan dutsen ta kama hawa. Na tsaya a tsakiyar titi da sandar Baba a hannu, ina jin rugugin yana nisa.

Washegari na shiga ƙarshen miƙen nan da gudun ɗari da saba'in da biyu, na taka, sitiyari ya tsaya cak a hannuna. Na zo na shida, ba wanda ya tambaye ni. Abin da ake ta bayarwa a Salt har yau shi ne dawowarsu. Bayan minti takwas cif suka gangaro, Baffa ya taka birki a ƙofar gida kamar kowa. Umma ta fito da buta da 'yan kofuna, rabin unguwa ya taru ƙarƙashin rumfar inabi. Baba ya karɓi butar da hannunsa mai ƙuna, ya wuce Abu Hilal, ya wuce liman da aka kira a guje, ya fara zubawa daga kan ƙaninsa. Mutumin da ban taɓa ganin hannunsa ya yi rawa a kan aiki ba, sai da ya tallafi ɗan kofin da hannu biyu, duk da haka rabi ya zube masa a riga.